Injin Yankan Ciyawa a Gidan da Babu Ciyawa

Shekara tara na yi ina gyaran fili a gidan Baturen gona, a Barikin Lafiya, kafin abin da zan faɗa ya faru. Lokacin ana ta surutun mulkin kai, ba a kai ga ba da shi ba. Gadina ake ce da ni, wato mai kula da lambu da ciyawa. Na yi aji biyu a elementare kafin ubana ya cire ni ya mayar da ni gona, saboda haka ina iya haɗa baƙi, ina sa hannu a takarda ba dangwale ba. Ilimin bai kai in zama akawu ba. Ya dai kai in riƙa ganin na fi kuku, kuma wannan ganin ne ya ja mini.

Gidana yana Bukan Sidi, a gindin gangare. In aka yi ruwa mai ƙarfi, yashin unguwa gaba ɗaya sai ya gangaro ya kwanta a bakin zaurena, wani lokaci har ƙyaure ya ƙi buɗuwa. Sai an sa kwanon sarki an kwashe, a kai bakin kwari a zubar, a dawo a sake ɗiba. Ni da sassafe nake fita aiki, sai la'asar sakaliya in dawo. To wa zai kwashe? Matata. Ita ce kwasar yashi, ita ce ɗebo ruwa a rafi, ita ce itace, ita ce ɗauko doya daga gona. 'Yarmu ɗaya ce, ta yi aure a Ashige, babu wanda zai karɓe ta. Duk abin da ya shigo gidan nan ko ya fita, a kanta ya bi.

'Yar Awe ce, gidan masu dafa gishiri. Tun ba ta kai tsawon turmi biyu ba take ɗaukar tulun ruwan gishiri, saboda haka da na aure ta wuyan ya riga ya sha wahala. Da shekaru suka tura sai ya fara ƙara. In ta sauke tulu sai ta daɗe a tsaye, hannu ɗaya a ƙeya, ba ta iya waiwaye sai ta juya da jikinta duka. Wanzami ya yi mata ƙaho har sau uku. Na kai ta wurin disfensa, ya matsa nan ya matsa can, ya ba ta man shafawa, ya ce maganin gaskiya ɗaya ne, ta daina ɗaukar kaya a ka.

Da muka fito ta ce da ni, "To a ina zan ɗauka, Malam? A baki?"



A gidan Bature akwai baro na ƙarfe, mai ƙafar roba. Wata Lahadi na roƙi aronsa na kwaso doya daga gona. Da na iso gida matata ta ce in matsa ta gwada. Ta kama hannuwan, ta tura daga zaure har gindin rumbu, ta dawo, ta sake. Kayan da take yi wa sawu huɗu, ga shi a tafiya ɗaya, kuma kanta a sake. Sai da zan mayar da shi na ga ta sa tsumma tana goge masa ƙasa, kamar wadda za ta mayar da doki gidan mai shi.

Damina na tsakiya aka ce an yi wa Bature canji, zai koma ƙasarsu. Al'adar Bariki a wancan zamani ita ce, in Bature zai tashi, abin da ba zai ɗauka ba kuma ba na gwamnati ba, sai a jera a baranda, ma'aikatan gida su zo kowa ya ɗauki abu ɗaya. Wanda ya fi daɗewa shi ne zai fara. Ni na fi kowa daɗewa. Da na gaya wa matata, ba ta bari na gama ba.

"Baron nan yana ciki?"

"Yana ciki. Nasa ne, da kuɗinsa ya saya."

"To shi ke nan."

"Ai akwai wasu abubuwan."

"Malam, ni ban roƙe ka zane ba, ban roƙe ka ɗankunne ba. Baro."

Na ce mata ta sa a ranta baro ya shigo gida. Da bakina na faɗa, babu wanda ya matsa mini.

Ana saura kwana biyu, aka sa ni naɗe farantai a saka a akwati. Matar Bature ta ba ni wani littafi mai kauri na hotunan kaya, ta ce in riƙa yage shafukan ina naɗewa da su. Ina cikin yagewa sai na ga wani hoto. Wani mutum ne a ƙofar gidansa, ya sha hula da babbar riga, yana tura wani inji da hannu biyu. Gabansa wani farin abu ne ya taru har gwiwa. Injin yana cin abin ta ƙasa, yana feso shi ta wani bututu can gefe, bayan mutumin kuma hanya ta fito fes har bakin ƙofa. Mutumin yana murmushi. Matarsa tana leƙowa ta taga, kanta babu komai.

Na daɗe ina kallon hoton nan. Ni yashin bakin zaurena kawai nake gani.

Na ɗauki shafin na kai wa Bature. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan inji na kwashe yashi ne?"

Ya duba, ya yi dariya. Hausarsa irin tasu ce, kowace kalma a tsaye ita kaɗai. Ya ce ba yashi ba ne, dusar ƙanƙara ce, tana zubowa daga sama kamar auduga a ƙasashen sanyi, ta toshe ƙofa. Ya ce shi kansa bai taɓa taɓa injin ba, sabon abu ne, a hoto ya san shi kamar yadda na san shi.

"A Lafiya ba ka bukatarsa, Gadina. Allah ya hutar da ku."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. A raina na ce bai taɓa zuwa Bukan Sidi bayan ruwa ba. Na ninke shafin na sa a aljihu. Ban naɗe faranti da shi ba.

Ranar rabo aka jera kaya. Fitilar aci-balbal, bokitai, kujerar kwanciya, wani tsohon gado, tukwanen ƙarfe, baro, sai injin yankan ciyawa. Injin nan na san shi kamar tafin hannuna, ni nake tura shi. Ba mai shan fetur ba ne. Ƙafafu biyu gare shi, tsakaninsu wuƙaƙe a murɗe, in ka tura su juya su aske ciyawa su watso ta baya. Hannunsa dogo ne na katako. In ka tsaya daga nesa ka kanne ido, ɗan'uwan na hoton nan ne.

Bature ya ce, "Gadina, kai ne farko."

Na tafi kai tsaye wurin baro. Wallahi na tafi. Har na ɗora hannu a kai.

Kuku yana bayana, shi ne na biyu. Mutumin kan dutse ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma wayonsa ya fi na mu masu rabawa. Sai na ji ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ashe. Na ce mai karatu zai ɗauki inji. Baro ai na mu jahilai ne."

Na yi kamar ban ji ba.

Ya ce, "Ba komai. Lebura kuma ya san kayansa. Ni sai in ɗauki inji, in je gari a ce ga kuku da inji."

Na san abin da yake yi. Wannan nake so a gane. Ba yaudarata aka yi ba. Na san baron yake so, na san matarsa ma ruwa take ɗauka, na ga ramin da yake haƙa mini, na kuma taka da ƙafata na shiga. Abin da na gani a lokacin shi ne kaina ina tura inji ta tsakiyar gari, da kuma kuku yana tura shi in na bari. A duk Bukan Sidi babu mai abin da ake kira inji in ban da tela. Na gaya wa kaina abin da yake watso ciyawa zai watso yashi. Na ɗauke hannuna daga baro.

Bature ya dube ni. Ya ce, "Kana da ciyawa a gidanka?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga kafaɗa. Kafin in juya kuku ya kama hannuwan baro.

Hanyar gida kuwa na sha kallo, ba zan yi ƙarya ba. Injin yana ƙara kacau-kacau, mata suna leƙowa, masu zama a gindin mangwaro suna tambaya, ni kuma ina ba da amsa ɗaya ɗaya kamar wanda ya ƙera shi. Daɗin nan ya raka ni har bakin zaure, a nan ya tsaya.

Matata tana tsakar gida tana ferar doya. Ta juyo da jikinta duka, ta dubi injin, ta dubi bayana ko akwai wani abu yana biye.

"Ina baron?"

"Wannan ya fi baro. Inji ne."

Ta taso ta zagaya shi. Ta taɓa wuƙaƙen da ɗan yatsa.

"A ina ake ɗora tulu?"

"Ba a ɗora masa tulu."

"Doya fa?"

"Ke ba ki san kan abin ba. Bari a yi ruwa ki ga yadda zai yi da yashin nan."

Ta koma ta zauna ta ci gaba da ferar doyarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana uku aka yi ruwa. Na fito da inji gaban mutane, na nufi tudun yashi, na tura. Ƙafafun suka nutse, wuƙaƙen suka cika da yashi suka ƙame. Na ja baya na sake turawa da ƙarfi, hannun katakon ya dake ni a ciki. Wuni guda na yi ina wanke haƙoransa da kananzir. Yashin kuwa matata ta kwashe da kwanon sarki, kamar kullum, ina zaune ina goge inji tana wucewa ta gabana.

Na ce to, ai ciyawa ce aikinsa. Na kai shi bayan danga inda gamba da tofa suka kai ƙugu. Ya kwantar da su ya hau ta kai ya wuce, suka miƙe a bayansa. A nan na tuna abin da na sani shekara tara: injin nan ba ya yankan ciyawa sai wadda aka riga aka yanka. Filin Bature ni na baje shi da hannuna, ni na tsince duwatsun, ni na dasa kiri-kiri, ni nake bi da langalanga in ta yi tsawo kafin in sa inji. Inji ba ya yin fili. Fili ake yi wa inji.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce zan yi masa fili.

Na roƙo saiwar kiri-kiri daga Bariki, wurin sabon Baturen da ya zo da nasa injin ya kuma riƙe ni a aiki. Na dasa ta layi layi a tsakar gidana, daga zaure har ƙofar ɗaki. Na ce da matata daga yau kada tsintsiya ko fartanya ta taɓa wurin.

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane girman abin da na yi ba. A wurinmu tsakar gida ƙasa ce tsirara. Mace takan share ta da safe har a ga zanen tsintsiya, in tsiro ya leƙo ta tuge shi tun yana kunne biyu. Saboda maciji ne da kunama, amma ba shi kaɗai ba. Da tsakar gida ake auna mace. Gidan da ciyawa ta fito a tsakarsa, ko dai masu shi sun mutu, ko sun tashi, ko matar gidan ƙazama ce. Babu na huɗu. Babu wanda zai ce mijin ne ya shuka, don babu wanda ya taɓa jin an shuka ciyawa.

Ta ce, "Malam, ni za a zaga."

"In sun zage ki ki ce ni na sa."

"Wa zai yarda?"

Babu wanda ya yarda. Ba ta faɗa mini abin da ake ce mata a rafi ba, amma na lura ta daina zuwa da safe lokacin da mata suke taruwa, sai rana ta take. Wata maƙwabciya ta aiko mata da sabuwar tsintsiya, wai kyauta.

Ciyawar ta kama, ta rufe. Ranar da na fara tura inji a kanta ya yi aikinsa tsaf, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya tashi irin na Bariki. Tsakar gidan taku goma sha biyu ce. Kafin in ji daɗin abin na gama. Na tsaya riƙe da inji, babu sauran abin yanka sai bayan mako.

Sai ruwa ya ɗauke. Kiri-kiri ta fara ja. A Bariki akwai tanki da masu cika shi. A gidana tankin shi ne kan matata. Ban ce mata ta ƙara sawu ba. Abin da na ce shi ne, ruwan wanke-wanke a riƙa zuba wa ciyawa. Da bai isa ba na fara ɗiba daga randa da yamma ina yayyafawa. Randa ta riƙa ƙarewa da wuri, ita kuma ba ta barin randa babu ruwa. Sawu uku ya koma biyar. Ina gani. Na riƙa gaya wa kaina sai an yi ruwan farko komai zai daidaita.

A cikin haka wanta ya zo daga Awe da gishirin sayarwa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya a bakin zaure yana kallon ƙasa.

"Na ɗauka kun tashi," in ji shi.

Na yi masa bayani. Na fito da inji na tura masa ya gani. Har shafin hoton na nuna masa. Ya karɓa ya duba, ya juya bayansa, ya miƙo mini.

"Dabba kake kiwo?"

"A'a, yaya."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Kana ba ta ruwa ta fito, in ta fito ka yanke."

"Haka ake yi."

Ya dubi ƙanwarsa, tana tsaye hannu a ƙeya. Ya ce, "Mu a Awe in mace ta ɗauki ruwa, gishiri yake zama." Ko kwana bai yi ba.

Abin ya zo ne wata Asabar da azahar, na dawo da wuri ina zaune a zaure. Sai na ga mata biyu sun riƙo matata, ɗaya ta nan ɗaya ta nan, kanta a karkace a kafaɗa, tana taku kamar mai tafiya a kan ƙaya. A hawan gangaren rafi wuyan ya riƙe, ta durƙushe, aka yi sa'a wata ta tare tulun. Bayansu kuwa ga kuku, gidansa a hanyar rafi yake, yana turo baro. Tulun matata yana zaune a ciki a kan gammo, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya ajiye a gabana. Ya share gumi.

"Gadina, matarka ya faɗi. Na kawo ruwan ciyawarka."

Ban iya ɗaga ido ba. Matan suka shige da ita ɗaki, suna taka ciyawar nan kamar masu taka kashi.

Kwana ashirin tana kwance. A kwana na biyu na wanke inji, na sa masa mai, na tura shi gidan kuku. Na ce mu yi musanya. Na ce zan ƙara masa da akuya. Ya ba ni wurin zama, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama.

"Ni ba ni da ciyawa a gida," in ji shi. "Matana yana sharewa kullum."

Daga can na wuce maƙera. Na ce a cire ƙafafun a yi mini amalanke. Maƙerin ya ce zai yi, amma ƙafafun ƙanana ne, a yashi za su nutse. Na ce ya yi dai. Ya yi. Suka nutse. Daga rafi zuwa gidana kuwa rabin hanyar yashi ne.

Da na dawo na ɗauki fartanya na tuge kiri-kiri. Ta fi dasawa wahala, saiwarta ta shiga ko'ina, har yau in damina ta yi sai ta leƙo ta gindin bango. Matata tana jin ƙarar fartanya daga ɗaki. Da na shiga ta ce, "Ka gama da gonar taka?" Na ce na gama. Ta ce, "To randa babu ruwa."

Washegari na samo garwa biyu da sanda da igiya. Na saɓa a kafaɗa na nufi rafi kafin lokacin aiki. Ni, mai aji biyu, gadinan Bariki, magidanci mai furfura a gemu, a layi ɗaya da mata. Da na iso wata tsohuwa ta ce, "A matsa wa mai inji ya ɗiba." Masu zama a gindin mangwaro, waɗanda suka yi mini tambayoyi ranar da na turo shi, yanzu in na wuce sai su ce, "Mai ga-ruwa, kawo nan." Da farko ina tsayawa in rama. Yanzu ba na ko juyawa, garwa ba ta son tsayuwa.

Shekara huɗu ke nan. Ruwa ni ne, itace ni ne, in an yi ruwan sama ni ne da kwanon sarki kafin in tafi Bariki in gyara wa wani ciyawarsa. Kafaɗata ta dama ta yi kanta, ta fi ta hagu sauka. Wuyan matata bai miƙe ba, disfensa ya ce ba zai miƙe ba, amma tun daga ranar ko ƙwarya ba ta sake hawa kanta ba. Tana share tsakar gida da doguwar tsintsiya da na ɗaura wa sanda, don kada ta sunkuya. Ba ta taɓa tayar mini da maganar baro ba, ko sau ɗaya. In kuku ya wuce da shi ta ƙofar gida, ƙarar ƙafar ta shigo, sai ta dakata da shara har ta wuce, sannan ta ci gaba.

Abin da ya rage na injin yana ƙarƙashin rumbu, kaji suna ƙwai a gefensa. Shafin hoton kuwa na kunna wuta da shi wata safiya da itace ya jiƙe.